Mai Guga da Fasinjar Ɗaki Na Tara

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna kwana ɗaki ɗaya ni da Mai Guga a cikin jirgin ruwa, ita a gadon ƙasa saboda gwiwoyinta, ni a na sama. Ni nake gyaran ɗakunan fasinjoji, ita kuma wanki da guga ne aikinta. Jirgin na masu yawon shaƙatawa ne, mai bene uku. Yana tashi daga babbar tasha ya hau kogi kwana bakwai, yana tsayawa gari-gari, sannan ya juyo ya gangaro cikin kwana biyar. Fasinja ya yi kwana goma sha biyun nan ya sauka yana ba da labari har tsufansa. Mu kuwa mu huta kwana biyu, mu canza zanen gado, mu sake hawa.

Mai Guga gajeruwa ce, kakkaura, hannuwanta duk tabon ƙuna. Ɗakin aikinta yana can ƙasa, bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin inji, don haka ko ba a kunna dutsen guga ba mutum gumi yake yi. Injin wanki biyu ne a ciki. Na hagun idan ya zo matse kaya sai ya kama tafiya da kansa yana nufar ƙofa, ita kuma ta tare shi da ƙugu tana ci gaba da ninke tawul kamar ba abin da ke faruwa. Taga ɗaya ce a ɗakin, zagayayya, daidai da fuskar ruwa. Kogin nan da mutane suke tasowa daga nesa su gani, ita abin da take gani nasa shi ne ruwa mai launin ƙasa, da ganyen da ke bin sa, da gefen kwale-kwale idan masunta sun matso.

Ba ta cika haɗuwa da fasinjoji ba, amma ta fi ni saninsu. Sai in kawo mata buhun wanki ta zazzage, ta ɗaga zanen gado ta ce, "Mai ɗaki na huɗu ba ya samun barci, dubi yadda ya murɗe shi." Ko ta juya riga ta ce, "Wannan matar ta yi jinya kwanan nan, duk kayanta an rage su." In na bincika kuwa sai in tarar haka ne.

A sama Kyaftin ne mai jirgi, amma a ƙasa ita ce. Kuku ba ya zuba wa kowa shayin safe sai ya aika mata da nata. Mai Inji yakan kawo kayan aikinsa masu maiƙo ya kifa bokiti ya zauna, tana yi masa faɗa yana dariya. Duk wanda ya samu matsala da matarsa ko da Manaja, ɗakin wanki yake zuwa ya zauna cikin zafin nan ya faɗa mata. Ba ta da lallashi, amma ba ta kai magana gaba.

Tarihinta a hankali na tsince shi, yau kaɗan gobe kaɗan. Mahaifinsu mai fito ne a wani ƙaramin gari a bakin wannan kogin, yana ƙetare da mutane a kwale-kwale. Tana shekara goma sha uku ya rasu, bayan shekara biyu mahaifiyarsu ta bi shi. Aka bar ta da ƙanwarta ƙarama, wadda har yau take kira Auta. Ta bar makaranta ta shiga wanki a gidajen mutane, ita ce uwa ita ce uba, har Auta ta yi karatu ta zama malamar makaranta. Ita kuma ta auri wani mai ɗaure igiya a jirgin nan, shi ya samo mata aikin. Ba su haihu ba. Da ya rasu ta ci gaba da zama a jirgin, don ta ce ƙafarta ta manta yadda ake taka ƙasar da ba ta motsi. Auta ta auri likitan ido, suka haifi huɗu.

Tana yawan zancen Auta, kuma kullum da yabo take farawa. "Auta ta aiko da hoto, babban ɗanta ya gama karatu, Allah ya yi albarka." Sai ta ja dutsen guga sau biyu, ta ce, "Ita dai tun tana yarinya komai a kwance yake zuwa mata." Hotunan ba ta liƙa su a bango kamar yadda kowa yake yi. A ƙarƙashin katifa take ajiye su.

Tafiyar da zan ba da labarinta ta zo ne a shekararta ta ashirin da biyu a jirgin. Ranar tashi ina shimfiɗa a ɗaki na tara, wanda ya fi kowane kyau, mai baranda da kujeru biyu suna kallon ruwa, sai ga fasinjojin sun shigo. Matar doguwa ce, da tabarau, fuskarta a sake. Mijin yana biye da ita da jakunkuna, yana ta ba ni haƙuri wai sun shigo ban gama ba.

Ta ce, "'Yar'uwa, ina mai wankin jirgin nan take zama?"

Na ce ta ba ni kayan zan kai.

Ta yi dariya ta ce, "Ba wanki na kawo ba. Yayata ce. Ba ta san zan zo ba."

Ashe ta yi ritaya ne, 'ya'yanta suka haɗu suka shirya musu tafiyar, ita kuma ta ce in dai jirgi za ta hau to sai na yayarta.

Na yi mata jagora muka sauka matakala uku. Mai Guga tana tsaye tana fesa wa riga ruwa. Auta ta ce, "Yaya." Ta juyo, ta tsaya kamar an dasa ta, sannan suka rungume juna. Na ga hawaye a idon Mai Guga, na gaskiya. Amma da suka saki juna na ga ta kalli gaban rigar Auta inda guminta ya jiƙa, sannan ta kalli nata tsohon kayan aikin, ta mayar da hannuwanta baya.

Bayan Auta ta hau, Mai Guga ta tambaye ni wane ɗaki aka ba su. Na faɗa mata.

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina cikin jirgin nan ba ta taɓa leƙowa ba, sai da ta samu ɗaki mai baranda."

Rayuwar jirgi ba ta canzawa don wani ya hau. Da asuba mu tashi, a wanke bene kafin fasinjoji su farka. Su yi karin kumallo, ni in shiga ɗakuna in kwashe tawul da zanen gado in kai ƙasa. Da hantsi jirgi ya tsaya a wani gari, a ɗaure igiya, a sa katako su sauka su zaga kasuwa, su dawo da kwanduna da tarkacen da ba za su taɓa amfani da su ba. Da rana su kwanta a inuwar rumfa suna kallon shanu suna shan ruwa a gaɓa. Da yamma su taru a baya suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, kamar a garinsu ba ta faɗuwa.

Auta ba ta yi zaman fasinja ba. Kullum bayan karin kumallo sai ta sauko ɗakin wanki, ta cire tabarau saboda tururi, ta ce za ta taya ninki. Duk tawul ɗin da ta ninke, Mai Guga ta warware ta sake ninkewa. Auta ba ta jin haushi. Mace ce mai son mutane, mai tambaya, kuma in ka ba ta amsa tana saurara. Kafin kwana uku ta san sunan matar Kuku da na 'ya'yansa. Shayin safe ya koma kofi biyu, kuma na lura, kamar yadda Mai Guga ta lura, cewa na Auta a kofin fasinjoji ake zuba shi, da faranti a ƙarƙashi. Mai Inji ya shigar da ita ɗakinsa ya nuna mata komai, yana ta bayani da ƙarfi saboda ƙara. Da ya ce mata idonsa na dama yana yi masa hazo, ta kira mijinta. Washegari da fasinjoji suka sauka yawo, Likita ya zauna a ɗakin cin abinci da 'yar tocila ya duba idon ma'aikata kaf, tun daga Kyaftin har masu wanke kwanuka.

Mai Guga ce kaɗai ba ta je ba. Ta ce idonta lafiya lau. Ni kuwa na san shekara biyu ke nan ni nake sa mata zare a allura.

Abin da ya fara ƙona mata rai sosai ƙaramin abu ne. Wani daga cikin masu ɗaure igiya ya leƙo ya ce, "Yayar Malama, an gama min rigata?" Ta ɗago ta kalle shi har sai da ya ja da baya.

Ta ce, "Tun ba ka san hanyar kogi ba ake kirana Mai Guga a jirgin nan. Yaushe na koma yayar wani?"

Ya ba da haƙuri ya fita, bai san laifin da ya yi ba.

Wankin ɗaki na tara kuwa, da kanta take zazzage shi, a hankali, tana juya kowace riga. Na san abin da take nema. Tana neman wata alama ce, ko zanen gado da aka kwana a gefe ɗaya, ko hankici mai ƙamshin da ba na gidan ba, wani abu dai da zai nuna mata cewa Auta ma tana da nata. Ba ta samu ba. A kwana na huɗu ta ɗaga wata rigar Auta ta kai ta kusa da taga, ta daɗe tana kallon maɓalli ɗaya da aka mayar da zare mai kauri, a karkace, an ƙulla shi ƙulli uku.

Ta ce, "Wannan ɗinkin namiji ne."

Ta zauna a kan bokiti da rigar a cinyarta. Injin hagu ya kama tafiyarsa, sai ni na tare shi.

A kwana na biyar jirgi yake wucewa ta gaban garinsu. Ba ya tsayawa, don ba abin da za a nuna wa fasinja a wurin. An ma yi gada yanzu, fito ya mutu. Amma kowace tafiya, in an zo daidai tsohuwar mashigar nan, Mai Guga takan kashe inji ta tsaya a taga har a wuce. Ni kaɗai na san da wannan.

Ranar ina ɗakin wanki ina sa wa matasan kai riguna. Mai Guga ta shimfiɗa rigar Auta a kan teburin guga, wata doguwa mai ruwan sararin sama, mai santsi, wadda Auta ta tanada don liyafar da Kyaftin yake yi wa fasinjoji ana gobe a sauka. Sai lasifikar da ke saman ƙofa ta yi ƙara. Muryar Kyaftin ce. Ya ce yau an yi sa'a, a cikin fasinjoji akwai 'yar wannan garin da ake wucewa, 'yar mai fito, kuma ya gayyato ta ɗakin tuƙi ta ba da labari da bakinta.

Shekara ashirin da biyu Mai Guga ba ta taɓa taka ɗakin tuƙi ba. Ba hana ta aka yi ba, ba wanda ya taɓa tunanin ya kira ta.

Muryar Auta ta cika ɗakin, muryar malama, mai daɗin ji. Ta nuna musu inda mahaifinsu yake ɗaure kwale-kwale. Sannan ta ba da labarin wata rana da hadari ya tare su a tsakiyar kogi, kwale-kwalen cike da matan kasuwa da buhuna, ruwa yana shigowa ta wata tsaga. Ta ce, "Baba ya miƙo kwano ya ce a kwashe. Muna kwashewa ruwa yana ƙaruwa, mata suna salati. Ya ce mana, kada ku kalli ruwa, ku kalli bayana. Haka muka yi ta kwasa har hannu ya fashe, har muka kai gaɓa ba a rasa ko buhu ɗaya ba."

Na san labarin. Na ji shi ya fi sau ashirin daga gadon ƙasa, kuma a duk lokacin yarinya ɗaya ce a cikin kwale-kwalen.

Tafi ya ɓarke a sama, har ta silin muna jin sa. Kyaftin ya ce Malama za ta busa wa garinsu ƙaho. Jirgi ya yi kuka mai tsawo.

Mai Guga ta ɗora dutsen guga a kan gaban rigar, ta ɗauke hannunta, ta naɗe hannuwan a ƙirji.

Na ce, "Yaya, dutsen."

Ta ce, "Na gani."

Muka tsaya har ƙauri ya tashi. Da ta ɗaga, siffar dutsen ta fito sak a jikin rigar, baƙi-baƙi, tsakiyar ta narke. Ta rataye ta a maratayi kamar kowace riga, ta miƙo min ta ce in kai ɗaki na tara. Sai bayan nan ta je taga, amma an riga an wuce garin.

Na kai rigar. Auta ta dawo daga ɗakin tuƙi ke nan, fuskarta tana ta walƙiya. Ta karɓa, ta kalli ƙunar, murmushin ya tafi a hankali. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta san yayarta ba ta ƙona kaya da kuskure.

Dokar jirgi ce duk kayan fasinja da ya lalace sai an sanar da Manaja, kuma ya riga ya gan ni da rigar a hanya. Da ya je ba da haƙuri, Auta ta ce masa ita ta ƙona da ɗan ƙaramin dutsen gugar da ta zo da shi, ta aika ƙasa ne ko za a iya gyarawa. Manaja ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda.

Na ɗauka Mai Guga za ta ji sanyi. Da na faɗa mata sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta hau matakalar nan uku da gwiwoyinta masu ciwo, da kayan aikinta jiƙe da gumi, ta wuce fasinjoji suna kallonta, ta shiga ofishin Manaja. Ina bayanta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ƙona rigar, kuma da gangan. Kada a ba ta wannan ma, laifina ne."

Manaja ya daɗe yana kallonta. Ya ce tun da ya zo jirgin ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba, don haka shi bai ji abin da ta ce ba. Maganar gida ce, su je su kashe ta tsakaninsu, amma kada a sake.

Washegari jirgi ya tsaya a wani babban gari, fasinjoji suka sauka da Likita a cikinsu. Auta ba ta bi su ba. Ta sauko da rigar a hannu. Na tashi zan fita, Mai Guga ta ce in zauna, ba ta da abin ɓoyewa.

Auta ta ce, "Yaya, me na yi miki?"

"Wa ya riƙe kwanon?"

Auta ta ce, "Ke."

"Ke kina ina?"

"Ban sani ba."

"Kina gida a bayan Inna, ko yaye ki ba a yi ba."

Auta ta zauna a kan bokiti. Ta ce, "Ke kika riƙa ba ni labarin nan duk sanda na ƙi barci, har na koma ina ganin ruwan da idona. Wallahi da nake faɗa jiya ban ji ina ƙarya ba. Ni ko muryar Baba ban sani ba. Duk abin da nake da shi nasa, daga bakinki na samu."

Mai Guga ta ce, "An ba ki karatu, an ba ki miji mai mayar miki da maɓalli, an ba ki 'ya'ya da gida. Na ce Allah ya ƙara, ban taɓa cewa komai ba. Ni jirgin nan kaɗai gare ni, da mutanen cikinsa, da wannan labarin. Kwana biyar kika yi kika kwashe duka, kina dariya."

Nan ne na ga Auta ta fusata, karo na farko. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ba ki taɓa cewa komai ba? Yaya, shekara talatin ina ɓoye miki farin cikina. In yaro ya ci jarrabawa sai in kwana uku ina tunanin yadda zan faɗa miki. In muka yi sabon abu a gida sai in ɗauki hoton daga gefen da ba zai fito ba. Na san kina ganin ban taɓa zuwa ba. Sau nawa na ce zan zo tasha in gan ki kika ce aiki ya yi yawa? Na san abin da kika bari saboda ni, kullum ina sane. Amma ban san me zan yi ba. In zauna in ƙi jin daɗin abin da kika wahala na samu?"

Inji yana ta juyawa. Mai Guga ta kalli taga, ta kalli hannuwanta. Ban ga alamar ta sauko ba, kuma ba ta ce a yafe mata ba. Can ta ce, "Miƙo rigar."

Ta shimfiɗa ta, ta auna ƙunar da yatsu, ta juya ciki ta ga lanƙwasar ƙasan tana da faɗi. Ta farke, ta yanko ƙyalle daga nan, ta yanke inda ya ƙone. Da ta zo sa zare ta gwada sau uku bai shiga ba. Na miƙa hannu kamar kullum, sai Auta ta riga ni. Ta sa zaren ta mayar mata. Yini guda Mai Guga ta yi a kan rigar nan, ta yi wa wurin tattara ƙanana daga kafaɗa zuwa ƙugu, har ya zama kamar haka tela ya ɗinka ta. Da yamma da Likita ya dawo ta aika a kira shi, ta ce ya duba idon, amma saboda allura kawai.

A hanyar dawowa, da aka kusa garinsu, Kyaftin ya aiko a ce Mai Guga ta hau ɗakin tuƙi. Auta ce ta roƙe shi. Mai Guga ta ce a gaya masa tana da zanen gado arba'in a gabanta. Sai Auta ta karɓi abin magana ta ce tana da gyara a labarin da ta bayar. Yarinyar da ta kwashe ruwan ba ita ba ce, yayarta ce, kuma ita ce take wanke zanen da kowa yake kwana a kai a jirgin nan. Lokacin cin abincin rana ne, rabin mutane suna kan tebur. An dai tafa.

Mai Guga tana tsaye a taga, ta kashe inji. Da aka wuce ta juyo ta ce min, "Kin ji? Tafin nata ya fi."

Wasu fasinjoji mata uku suka sauko wai su gan ta su ɗauki hoto. Ta kore su, ta ce nan wurin aiki ne. Amma bayan sun tafi ta canza rigar aiki ta sa sabuwa, ta bar ƙofa a buɗe har yamma.

Auta ta sa rigar a wajen liyafa, mata suna tambayarta wa ya yi mata ɗinkin. A tasha suka yi sallama a bakin katako. Auta ta riƙe hannunta ta ce akwai ɗaki a gidansu da ba kowa, ta zo ta huta haka nan. Mai Guga ta ce, "Sai na gaji." Bayan sati uku tabarau ya iso daga Likita. Ta sa, ta kalli ɗakinmu, ta ce ashe haka bangon yake da datti ban taɓa faɗa mata ba.

Shekara uku ta ƙara. Daga nan gwiwoyin suka ƙi matakala gaba ɗaya, har sai Mai Inji ya riƙe ta take sauka. Ta tattara kayanta a jaka biyu ta tafi gidan Auta.

Bara na kai mata ziyara a hutunmu na kwana biyu. An ba ta ɗaki mai faɗi da babbar taga tana kallon bishiyoyi. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Gugar gidan duk ta karɓe, har Likita ya ce min yanzu tsoron zama yake yi kada wandonsa ya yamutse. Ita da Auta suna faɗa kusan kullum, a kan gishiri, a kan labule, a kan wadda jikoki suka fara gaisarwa, amma tare suke cin abinci a kwano ɗaya.

Ta tambaye ni kowa, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta ce, "Wa aka sa a wurina?"

Na ce wani mutum ne, mai shiru-shiru, kuma ba laifi ya iya aiki. Na so in tsaya nan, amma bakina ya riga ni. Na ce an canza injuna, an kuma sa na'urar sanyaya ɗaki.

Ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce, "A ɗakin wanki?"

Na ce e.

"Shekara ashirin da biyar ina narkewa a ɗakin nan. Sai da na tafi."

Har na gama zamana hankalinta ba ya wurin hira. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofar gida tana dogara sanda. Ta ce in gai da Kyaftin, da Kuku, da Mai Inji, da Manaja, da masu igiya, kowa da kowa ban da mai sanyin nan. Na yi nisa kaɗan sai na ji ta kira ni. Na juyo.

Ta ce, "Shi ma ki gaishe shi. Amma kada ki ce ni na ce."